Hujin da Inna Daso Ta Toshe

Duk layinsu a unguwar Wambai ta Suleja an san ɗan Inna Daso yana aikin ruwa, domin haka ta gaya wa mutane, ba ta ƙara komai a kai ba. Mata kuwa suka ɗauka hukumar ruwan famfo take nufi. Sai ya zamana duk ranar da famfo ya ƙafe a leƙo mata ta katanga a ce don Allah ta sa baki, yara ba su yi wanka ba. Takan ce to, ta ci gaba da abin da take yi. Ba ta taɓa gyara musu fahimtar ba, don gyaran zai sa ta faɗi abin da ba ta son faɗa.

Ja'afar ba famfo yake gyarawa ba. A Ikko yake, aikinsa nutso. Yana sa wata baƙar rigar roba mai kama jiki, ya goya tukunyar iska, ya shiga ƙarƙashin manyan jiragen ruwa ya duba gindinsu, ya kankare tsatsa, ya warware igiyar da ta naɗe farfela. Kullum da safe jirgin fito yake hawa daga unguwar da yake haya zuwa wajen aiki, kayansa a kafaɗa. A kunnen Inna Daso kuwa nutso da nutsewa abu ɗaya ne, wutsiyar kalmar kawai aka canza don a yaudari iyaye. Ita da ta tashi a Malumfashi, ruwa mafi girma da ta sani shi ne kududdufin bayan gari, shi ma an hana su zuwa.

Ga kuma wata matsalar a kan wannan. Ja'afar ɗanta ne na fari, ita kuwa irin tarbiyyar nan aka yi mata ta da: ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama da shi a yi hira, ba a ɗaga ido a kalle shi sosai. Tun da mijinta marigayi Malam Salisu ya samu aikin tuƙi a Abuja suka kama haya a Suleja, ta koyi abubuwa da yawa. Ta koyi cin teba da miyar agushi, ta koyi ciniki da guntun Turancin kasuwa, har waya tana dannawa. Amma wannan kunyar ba ta sake ta ba. In tana da magana da shi, matarsa Tayyiba take kira ta ce, "Ki gaya wa mijinki," ko da kuwa yana tsugunne a gabanta.

Wannan zuwan nasa gida ya bambanta da sauran. Da can ƙaramar jaka yake ratayowa da tsarabar burodi. Wannan karon wata ƙatuwar jaka ya shigo da ita, gefenta a yage, an ɗaure ta da igiya. Da ya tuɓe riga zai yi alwala a bakin rariya, Inna Daso, wadda ba ta kallonsa, ta ga kafaɗarsa ta dama ta yi baƙin kanta kamar ta ɗan garuwa. Ta kau da kai da sauri. Ranar abincin bai yi mata daɗi ba.

Ana gobe zai koma, da hantsi, ya fita gaida wani abokinsa a Maje. Tayyiba ta jawo kujera ta zauna kusa da surukarta suna tsintar wake. Yarinyar tana da baki, amma ta san inda za ta ajiye shi, shi ya sa suke shiri.

"Inna, kin lura da kayan da ya zo da su?" in ji ta.

"Na ga tsummar jaka."

"Kayan aikinsa ne duka ya kwaso. A wajen aikinsu sun ce za su ba shi aikin dindindin, in ya koma zai ba su amsa. Shi kuma ya ce ya gaji da shiga ruwa bai san ko da yardarki yake shiga ba. Ya ce duk sallamar da zai yi miki, to kawai kike cewa. Gobe in to ɗin ce dai, ba zai hau mota ba. Zai kai kayan Abuja ya sayar, ya nemi napep ya riƙa ja."

Inna Daso ta jefar da wani tsakuwa da ƙarfin da ya fi ƙarfin tsakuwar. "Ni na hana shi?"

"Ba ki hana ba, Inna. Ba ki kuma ce ya je ba."

"Napep ɗin ba sana'a ba ce?"

"Sana'a ce. Zai ja, zai kawo cefane, zai gaishe ki safe da yamma. Amma kin san shi fiye da ni."

Ta san shi kuwa. Da don son ranta ne, da yau ɗin nan za a sayi napep, ta riƙa jin ƙararta a ƙofar gida tana barci da minshari. Amma ta sha zama a ɗaki da carbi a hannu tana jin yadda muryarsa ke canzawa in yana ba matarsa labarin ƙarƙashin ruwa, yadda wurin yake shiru, yadda ƙananan kifaye ke zuwa su leƙa gilashin fuskarsa. Ba ya irin wannan muryar a kan komai. Tana tsoron ruwan nan har cikin ƙashinta, tana kuma son yaron fiye da tsoron. Abin da ya gagara shi ne faɗa. Ta gwada a zuci ta ji harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.

Ta tashi ta kakkaɓe zani. Tunda baki ya ƙi, ƙafa ba ta ƙi ba.

Ta shiga ɗakin su Tayyiba, abin da ba ta saba ba, ta kwance igiyar jakar. Warin roba da gishiri ya buge ta. Ga rigar nan a naɗe, ga tiyo-tiyo masu kan ƙarfe, ga wasu takalma dogaye masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Ta ɗaga wata ɗamara ta ji kamar za ta ɓalle mata hannu, ashe darma aka jera a jiki. Wato wannan yake saɓawa kullum, ya hau jirgi da shi, ya sauka da shi. Ta kwance ɗankwalinta ta auna tsawon takalmin, ta ƙulla a daidai wurin, ta mayar da shi kanta. Ta ɗauki mayafi ta ce wa Tayyiba za ta je kasuwa sayen kanwa.

A babbar kasuwa akwai wata Ugomma, 'yar ƙabilar Ibo, mai sayar da akwatuna da jakunkuna da robobi. Sun taɓa zama gidan haya ɗaya shekaru masu yawa, tare suka yi renon yara. Matar kirki ce, aibinta ɗaya. A wajensu uwa da sunan ɗanta na fari ake kiranta, don haka tun daga nesa ta hango ta ta ɗaga murya.

"Mama Ja'afar! Ka ɓata kwana biyu, ina ka shiga?"

Inna Daso ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da laifi. Shekara da shekaru ke nan ana kiranta da sunan da ba ta iya furtawa, a tsakiyar jama'a, kuma dole ta amsa. Ugomma ba ta bambanta mace da namiji a Hausarta, kowa "ka" ne, wannan Inna Daso ta daɗe da yafe mata.

"Akwati nake so mai taya," in ji ta bayan sun gaisa.

Ugomma ta tafa hannu ta jawo wani jerin akwatuna masu ruwan hoda, babba na goye da ƙarami. "Wannan na latest. Amarya duka shi suna so. Wa zai yi aure?"

"Ba lefe zan haɗa ba. Na mijin Tayyiba ne. Na kayan aikinsa."

Ugomma ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. "Mijin Tayyiba. Your own pikin o. Kai ka haifa, kai ka ba nono, sunansa ba ka iya faɗa."

"Ke ai kin faɗa. Kin faɗa wa kasuwa gaba ɗaya, ya wadatar."

Ta zaɓi wani baƙi mai kama da na matafiya jirgin sama. Ba ta yarda da ganin ido ba, sai ta sa aka aro mata buhunan gishiri biyu daga maƙwabciyar rumfa aka zuba a ciki, ta kama hannun ta ja. Kan siminti ya bi ta kamar ɗan akuya. Da suka sauka ƙasa, tayoyin nan 'yan mitsi-mitsi suka cije a tsakuwa, akwatin ya kife. Ta gwada na biyu, zif ɗin ya buɗe baki tun kafin a je ko'ina. Masu rumfunan kusa suka bar abin da suke yi suna kallon tsohuwa na zagaye da akwati cikin rana, ita ko a jikinta.

Sai a lokacin Ugomma ta daina dariya ta tambaye ta ainihin inda za a riƙa kai akwatin. Da ta ji jirgin fito ne, ta girgiza kai. Ita a bakin babban kogi ta tashi, ta hau irin jiragen nan tun tana goye. Ta ce gadar da ake bi a shiga ta katako ce, tsakanin katako da katako akwai rata, ƙaramar taya a nan take maƙalewa, mutane na bayanka suna zagi. Ta ce ƙasan jirgi kullum a jiƙe yake, akwatin yadi zai sha ruwa ya yi wari, gishiri kuma ya cinye zif. Inna Daso tana ji tana gyaɗa kai, amma kowace kalma ƙara mata girman ruwan take yi.

"To me zan saya?"

Ugomma ta shiga can ƙuryar rumfa ta turo wata ƙatuwar kula shuɗiya, irin wadda masu abincin biki ke zuba lemo da ƙanƙara. Jikinta roba ce mai kauri, tayoyinta biyu manya masu ƙiba, hannunta ana zaro shi a ja, murfin yana da maƙalai biyu da ke kamawa gam.

"Kula kuma? Shinkafa zai sayar?"

"Try am first, ka gwada tukuna."

Aka juye gishirin a ciki. Kular ta haye tsakuwa, ta haye bakin kwata, ta bi ta kan wani katako da aka gitta ba ta ko karkata ba. Inna Daso ta kwance ɗankwali ta auna cikin, ƙullin ya zauna daidai har da ɗan saura. Ta rufe murfin ta zauna a kai, ta ɗan girgiza jiki. Ta ce a ranta, in jirgin ya cika, ga wurin zama ya samu, ba sai ya tsaya a baki-baki ba. Wannan tunanin ya fi komai kwanta mata.

Tana cikin shafa ta ne yatsanta ya faɗa wani ɗan huji a gindi, da ɗan murfinsa na roba yana reto.

"Ugomma, wannan ai a huje take."

"Na so dem make am, Mama, haka suka yi shi. Ƙanƙara ya narke, ka buɗe nan, ruwa ya fita."

"Ya fita ko ya shiga? Ke da bakinki kika ce ƙasan jirgin a jiƙe yake."

Ugomma ta yi bayani da Hausa, ta yi da Turanci, ta haɗa da hannu. Inna Daso ta saurare ta har ta gama, kamar yadda ake sauraron yaro. Abin da za a kai bakin teku, a ce da huji a gindinsa, kuma wai wannan ɗan murfin da bai kai kan kwalba ba shi zai tsare? Suka yi ciniki irin na tsofaffin maƙwabta, kowa na rantsuwar an cuce shi, ta ja kularta ta tafi.

Ba gida ta nufa ba. A bakin kasuwa akwai mai faci a gindin wata bishiya, nan ta tsaya. Ta sa ya cusa roba a hujin, ya shafa gam, ya liƙa faci ta waje. Ta ce ya ƙara wani ta ciki. Mutumin ya ce shi tun da yake bai taɓa yi wa kula faci ba, ta ce yau ya fara. Da ya gama ta danna da babban yatsa ta ji tauri, sai hankalinta ya kwanta. Ko ɗigo ɗaya ba zai sami hanya ba.

Ta iso gida bayan la'asar, ba kanwa ba labarinta. Ta ajiye kular a ƙofar ɗakin Tayyiba, ta shige nata ɗakin ta saki labule, ta zauna a bakin gado inda ake jin komai na tsakar gida.

Ba a jima ba Ja'afar ya yi sallama.

"Wa ke biki?" ta ji ya tambaya.

"Ba biki. Inna ce ta sayo. Ta kayanka ce."

Sai ta ji ƙarar maƙalan murfi, ta ji ana jan tsohuwar jakar, ta ji darma ta sauka a gindin roba. Ya ce takalman sun shige kamar an auna. Tayyiba ta ce ai an auna, ya dubi ɗankwalin Inna in ta fito. Ya ja kular ya zagaya tsakar gida, ya dawo. Inna Daso ta ji wani sanyi a ƙirjinta, ta ce a ranta to, magana ta isa inda aka aike ta.

Sai ta ji ya kifa kular yana laluben wani abu. Ya fara dariya ƙasa-ƙasa, dariyar ta tsaya a tsakiya.

"Mene ne?" in ji Tayyiba.

"Ta sa an toshe hujin." Ya rage murya, amma gidan haya ba ya ɓoye magana. "Ai shi ne babban amfaninta. Kayan a jiƙe nake zuba su in na fito. In ruwan bai tsiyaye ba, rigar ta yi ɗoyi, nauyin ya ninka."

"Yi a hankali kada ta ji. Kawo wuƙa mu cire, ba za ta sani ba."

"A'a, bar shi. Dubi yadda aka liƙe shi, ciki da waje." Ya shafa facin da yatsa. "Zan riƙa juye ruwan da hannu. Ba zan cire ba."

Kunya ta rufe Inna Daso tun daga kai har ƙafa. Ta yini a rana, ta hana Ugomma magana, ta biya mai faci, ashe abin da ya fi amfani ta kashe. Amma ba kunyar ce ta fi damunta ba. Yaron nan zai riƙa kinkimar ruwa a banza kullum, da kafaɗar nan tasa, don kawai kada ya ɓata abin da tsoronta ya liƙa. Ta gane haka yake yi tuntuni, ba yau ya fara ba.

Ya zo ƙofar ɗakinta ya tsugunna a bayan labule. "Inna, na ga kaya. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Bai tashi ba, yana jira. Ta san abin da yake jira.

Ta ɗaga labulen ta fito, ta bi ta gefensa ta shiga madafa, ta ɗauko wuƙar yankan kuɓewa. Ta zauna a ƙasa kusa da kular, ta fitar da kayan ɗaya bayan ɗaya ta jera a tabarma, ta fara kankarar facin. Mai facin nan ya yi aikin tsakani da Allah, don haka abin ya ɗauki lokaci. Tayyiba ta matso za ta karɓa, ta ture hannunta. Ta ɓamɓare na waje, ta ɓamɓare na ciki, ta zaƙulo robar da tsinin wuƙa. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki buta ta tuttule ruwan duka a cikin kular. Su uku suka zuba ido, ruwan ya fito ta hujin, ya bi siminti ya nufi rariya.

Ba ta ɗago ba. Ruwan take kallo da ta yi magana.

"Tayyiba, ki gaya wa mijinki ya je. Na yarda, da zuciya ɗaya. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba, amma tsoron nawa ne, ya bar mini abina a nan. Allah ya tsare gabansa da bayansa. Abu ɗaya na roƙa, duk shigar da zai yi, ya fito."

"Inna, ai ga shi nan a gabanki," in ji Tayyiba, tana share ido da bakin zani.

"Na gan shi."

Ja'afar ya ce, "Na ji, Inna. In sha Allahu." Ya daɗe a tsugunne kansa a ƙasa, ƙato da shi, har ita ta gaji ta ce a kwashe kayan nan daga tabarma za ta yi salla.

Da safe ya yi sallama ya fita. Uwa irinta ba ta raka ɗan fari, ko zaure ba ta leƙa ba. Tayyiba ce ta kai shi bakin layi ta dawo, ta tarar da surukarta tsaye a tsakar gida da tsintsiya a hannu, ba ta share komai ba. Layin nasu duk tsakuwa ne, tayoyin kular suna ta gurnani a kai, ƙarar na raguwa a hankali wajen gangaren da ke fita titi.

Can Inna Daso ta ce, "Har yanzu kina jin ƙarar?"

Tayyiba ta kasa kunne. "A'a, Inna. Ya kai kwalta tuni."

"Ni ina ji," in ji ta.